Ƙullutun da ke Bayan Toka

Gangara, watan Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin sitaj ɗinki na koyon likitancin dabbobi da mutanen gidan da kike zaune a Yamai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki Husaina da kika sani, in ta zauna tashi sai da dabara. Gero ya shiga rumbu, alhamdu lillahi. Wake ne tsutsa ta raba da mu.

Kunnena yana nan yadda kika bar shi, ko ma ya ƙara gaba. Don haka ki daina kiran wayar Tala maƙwabciya kina cewa a ba ni. Sai in riƙe abin a kunne ina ta cewa na'am, Tala na tsaye tana dariya. Rubutu ya fi mini. Rilwanu direba zai kai wannan takarda garin Agiye ya sa ta a motar Yamai.

Abin da ya sa na ɗauki biro, maganar Toka ce, kyanwar Innarki. Kin tuna da damina, lokacin da mahaukacin kare ya ciji jakin liman, kika je Gazawa kika zo da allura cikin ƙanƙara kika yi wa karnukan unguwa, ita ma kika yi mata a tsakanin kafaɗu. To daidai wurin nan wani ƙullutu ya fito. Innarki ce ta ji shi da hannu tana shafa ta. Bai fi ƙwayar gujiya ba. Toka na ci, tana sha, jiya ma ta ajiye mana ɓera a bakin ɗaki. In an taɓa wurin ba ta kuka.

Ni da na ce a ƙyale. Amma kin san Innarki da kyanwar nan. Tun da yayarki Asiya ta yi aure ta koma Maraɗi, ke ma kika tafi karatu, ni kuma kunne ya tafi, da Toka take hira. Ta ce in tambayi likitanmu na dabbobi, ga shi na tambaya.

Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Baffanki,
Ɗanasabe

Yamai, watan Nuwamba

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarku, na ji daɗin labarin gero. Ina gaida Inna da gwiwa, Allah ya sawwaƙe. Ni lafiya ƙalau, sai dai aiki ya yi yawa, tun safe muna kan tumaki da karnukan masu gari.

Maganar Toka, kada Inna ta tada hankalinta. Sau da yawa in an yi wa kyanwa allura wurin yakan ɗan kumbura, ya baje da kansa. Amma akwai wani irin ƙari da kan fito a gurbin allura, ba kasafai ba, cikin dubban kyanwoyi a samu ɗaya. Shi wannan ba ya bajewa. Ga alamun da aka koya mana mu duba: in ƙullutun ya kai wata uku bai tafi ba, in ya fi santimeta biyu, wato ya fi faɗin babban yatsanku, in kuma an yi wata guda da allurar yana ƙara girma maimakon ya ragu.

Ku riƙa dubawa, ku sanar da ni. Kada a matsa shi, kada a shafa masa komai.

Ina cin abinci, a gaya wa Inna.

Ɗiyarku,
Sadiya

Gangara, watan Fabrairu

Ɗiyata Sadiya,

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya, da fatan ke ma haka. Kada ki ga shiru ki ce mantawa na yi. Umurninki na bi. Kin ce wata uku, na sa alama a kalandar da ke ɗaki tun ranar da takardarki ta zo, ga shi sun cika.

Yanzu alamun nan uku duk sun haɗu, ba wadda ta rage. Tun kafin wata ya ƙare ya wuce faɗin yatsana, Innarki ta ce in rubuta miki. Na ce mata a'a, yarinyar nan ta lissafa abu uku, biyu ne suka samu, kada mu dame ta da aiki a kanta. Muka yi ta musu, ita tana magana ina kallon bakinta, ni ina magana tana kallon kyanwa.

Yau ya kai ƙwan zabuwa. Da tauri yake kamar goriba, in ka tura shi ba ya motsi, kamar an dasa shi. Toka na cin abinci, amma ta daina hawa katanga, in za ta sauka daga gado sai ta tsaya ta yi shawara.

To yanzu me ke gaba? Akwai ƙwayar da za a saya a farmasi, ko wata allurar za a yi ta kashe ta farko?

Baffanki,
Ɗanasabe

Gangara, ƙarshen Fabrairu

Ɗiyata Sadiya,

Ina gaishe ki. Wannan ba ta jiran amsa, albishir ce.

Tala ta shigo da gudu ranar da kika kira ta, ta ce rezo, wato layin waya, na ta yankewa, amma ta ji abin da kika ce sarai: a cire shi da gaggawa. Ta faɗa wa Innarki, ta zo ta faɗa mini a kunne har sau uku. Washegari na aika aka kira Jaye wanzami. Da farko ya ƙi, ya ce shi bai taɓa sa aska a jikin kyanwa ba, yana tsoron alhaki. Na ce masa likita ce ta ce daga Yamai. Sai ya yarda.

Muka naɗe ta cikin buhu, kanta da bayanta kaɗai a waje. Innarki ta fita ta tafi gidan Tala, ta ce ba za ta iya gani ba. Hannun Jaye na da sauri, ya tsaga ya fiddo abin ɗungurungum, fari-fari kamar kitse mai tauri. Toka ta yage mini hannu ta cikin buhun, amma ba komai. Ta yi kwana biyu a ƙarƙashin gado ba ta kula kowa, yanzu ta fito, ciwon na kamewa, bayanta ya koma sumul.

Innarki ta yi sadakar ƙosai. Ta ce a gaya miki Allah ya yi albarka.

Baffanki,
Ɗanasabe

Yamai, watan Maris

Baffa,

Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Ku wanke hannunku da sabulu inda ta yage ku, in ya kumbura ku je likita.

Takardunku biyu suna gabana. Na karanta ta biyun a tasha, na zauna a kan benci na daɗe ban tashi ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Wata ukun da na faɗa, daga ranar allura ake ƙirgawa, ba daga ranar takardata ba. Kuma alama ɗaya ta isa, ba sai ukun sun haɗu ba. Na ɗauka na rubuta haka. Na yi ta tuna abin da na rubuta, na kasa tabbatarwa. Abin da na gaya wa Tala kuma shi ne a cire shi da gaggawa, amma kada kowa ya taɓa sai likita, ina neman wanda zai yi aikin a Maraɗi. Ashe rabin maganar ce ta isa.

Baffa, ba na so in ɓata muku murna, amma gara ku ji daga wurina. In wannan ƙarin shi ne wanda nake tsoro, sankara ce. Abin da Jaye ya fiddo kansa ne kawai. Yana da saiwoyi sirara da ido ba ya gani, suna bin cikin nama kamar yadda ciyawar kiri-kiri ke bin ƙarƙashin gona. Kun san in an sare shi daga sama abin da ke biyo baya. Shi ya sa likita in zai cire shi, sai ya haɗa da lafiyayyen nama mai faɗi kewaye da shi, kamar yatsu biyu ko uku ta kowane gefe, da zurfi kuma. Aikin farko shi ne babbar dama. In aka yi shi ƙarami, yakan dawo cikin 'yan watanni, kuma na biyu ya fi wuya. Wani lokaci yakan tafi huhu, amma yawanci dawowarsa wuri guda ita ce matsalar.

Wurin da yake ma bai taimake mu ba. Tsakanin kafaɗu akwai ƙashin baya kusa, ba fili. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce shi ya sa yanzu ake son a riƙa yi wa kyanwa allura can ƙasan ƙafa, don in abin ya fito a yanke ƙafar ta rayu da uku. Ni da na yi mata a kafaɗa, haka na ga ana yi.

Kada wannan ya sa mutane su ƙi allurar haukan kare. Wanda ya ga yadda jakin liman ya mutu ya san dalili.

Na yi magana da Likita Usmanu na Maraɗi, malamina ne a da. Yakan zo Gazawa duba shanu. Ya ce zai ƙaraso Gangara. Don Allah ku bar shi ya duba ta, ko da kun ga ta warke.

Sadiya

Gangara, watan Afrilu

Ɗiyata Sadiya,

Bayan gaisuwa, hannuna ya warke. Zafi ya sauka sosai, rijiyar bakin kasuwa ta ja baya.

Na karanta wa Innarki takardarki kamar yadda na saba. Da na zo wurin yanke ƙafa sai ta miƙe, ita da ba ta miƙewa sai da dabara, ta ɗauki Toka ta shige ɗaki ta sa sakata. Ni ma ban gane ba. Wace ƙafa? Ƙafafunta huɗu lafiyarsu lau, ciwo a baya yake. Na sake karantawa ni kaɗai, sai na ga kamar ba ƙafar Toka kike nufi ba, ta wasu kyanwoyi ne da ba a yi wa allura ba tukuna. Na yi wa Innarki bayani ta ƙofa. Ban san abin da ta amsa ba.

Ranar da Likita Usmanu ya zo a kan babur, sai da ya yi rantsuwa bai zo da wuƙa ba kafin ta buɗe. Mutum ne mai haƙuri. Abin da kika faɗa ya faru, ɗiyata. A kan tabon aikin Jaye ƙullutu uku sun fito a jere, kamar an shuka su. Ya daɗe yana lalubawa, ya sa abin saurare a ƙirjinta. Ya rubuta mini a bayan ambulan don in gane: sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a rantse, amma shi a ganinsa shi ne, kuma ya kama ƙashi. Ya ce akwai ƙasashen da ake haɗa aiki da wani haske mai ƙona saiwoyin, amma nan kusa ba inda ake yi wa dabba. In ya yanka yanzu, wahala kawai zai ƙara mata. Ya bar maganin rage zafi na ɗigawa a baki. Na tambaye shi saura nawa. Ya buɗe hannu, ya rubuta: watanni, Allah ne masani.

Jaye ya daina biyowa ta ƙofar gidanmu. Na je na same shi na ce ni na kira shi, ba shi ya kawo kansa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ban ma san ko ke ya kamata in tambaya ba. Bayan likitan ya tafi, Innarki ta zauna tana shafa Toka har la'asar. Sannan ta jawo hannuna ta ɗora a gefen ƙirjinta na hagu, wajen hammata. Akwai ƙullutu a wurin. Bai kai na Toka ba, ya kai dabino. Ta ce tun kaka take jin sa. Na ce don me ba ki faɗa ba. Ta matso kunnena ta ce, “Malam, a jikina take kwana. Na san daga wurinta na ɗauka. In na faɗa, za ku ce a fitar da ita daga gidan.”

To ana ɗauka ne? In ana ɗauka, ni ma da ta yage fa? Kuma alamun nan uku da kika lissafa, har da mutum, ko na kyanwa ne kawai? Ita Innarki ba a yi mata allura a wurin ba. Na ce mu je likita, ta ce ba inda za ta ta bar Toka a wannan hali, wa zai ɗiga mata magani, ni da ba na jin kukanta.

Ki ba ni amsa da wuri. Wannan karon ki rubuta dalla-dalla, ko yaro ya karanta ya gane.

Baffanki,
Ɗanasabe

Yamai, Afrilu

Baffa,

Ina gaishe ku. Ga shi dalla-dalla.

Ba a ɗauka. Ko ta kwana a jikin mutum, ko ta yage shi, ciwon Toka ba ya tsallakawa. Ku ba abin da zai same ku. Ba wanda zai fitar da ita daga gida.

Na Inna daban ne, ba ruwansa da na Toka. Yana iya zama ba komai ba, yana iya zama abin da ke son gaggawa. Ni ban sani ba, ba fannina ba ne. Kada a jira wata uku, kada a jira sati. Kada Jaye ko wani ya taɓa. Babban asibitin Maraɗi za ku, na riga na gaya wa Yaya Asiya, tana jiranku.

Na nemi izini wurin aiki. Ina bayan wannan takarda, wataƙila ma mu iso tare. Ni zan zauna da Toka. Ku gaya wa Inna ta haɗa kayanta.

Sadiya

Gangara, watan Mayu

Zuwa ga Baffa, a gidan Yaya Asiya, Maraɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da zaman jinya, ina gaida Inna da Yaya da yara. Yaya ta gaya mini a waya an sa ranar aiki. Allah ya sa a yi a sa'a. Gida lafiya, awaki lafiya, an yi yayyafi shekaranjiya amma bai isa shuka ba.

Baffa, wannan ku fara karantawa ku kaɗai. In kun ga ya dace, ku karanta wa Inna. In kun ga a bari sai bayan aiki, ku bari. Na ɗauki waya zan faɗa wa Yaya, sai na ajiye ta.

Toka ba ta jin daɗi. Ƙullutan sun haɗe sun zama ɗaya, fatar ta fashe, yana ruwa yana wari. Ina wankewa safe da yamma, ina rufe ta da gidan sauro saboda ƙuda. Da farko tana shan madara, tana cin ɗan kifi in na murmushe mata. Yanzu sai ta shinshina ta kau da kai. Maganin da Likita Usmanu ya bari yana kwantar mata na ɗan lokaci, sannan ta koma tsugunne, kai a ƙasa, ba ta iya kwanciya ta kowane gefe. Numfashinta ma ya canza. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗaga kai, in ta ga ba Inna ba ce ta mayar.

Kun ga lokacin da Inna ta riƙe hannuna a bakin motar Rilwanu, amma ba ku ji abin da ta ce ba. Cewa ta yi, “Ki yi mini alkawari ba za ki kashe mini ita ba.” Na yi alkawari. Ba don na yi ba, da ba ta shiga motar ba.

Akwai allurar da ake yi wa dabbar da ba ta da sauran warkewa. Barci take sa ta, mai nauyi, daga nan zuciya ta tsaya. Ba ta jin komai. A wurin aiki na ga an yi, na riƙe dabbobin wasu ana yi musu. A can ban taɓa ganin abin da wuya ba. Nan kuwa, kullum in na buɗe ciwon sai in ce yau ya kamata, in na rufe sai in tuna hannun Inna. Tala ta ce in bar wa Allah ikonsa. Likita Usmanu ya ce shi ma ikon Allah ne ya sa aka san maganin. Ni na rasa wanda zan bi. Allurata ce ta kawo mu nan, ban sani ba ko shi ya sa nake son in gama, ko shi ya sa nake jin tsoro.

Ba zan yi komai ba sai da yardar Inna. In ta ce a'a, zan ci gaba da wankewa har ranar da Allah ya yi.

Ɗiyarku,
Sadiya

Maraɗi, watan Mayu

Ɗiyata Sadiya,

Wa alaikumus salam. An yi aiki, Innarki ta farka lafiya. Asiya ce kunnena a nan, ita ta ce likita ya ce sun cire shi duka da naman da ke kewaye, sun aika Yamai a auna, sai sakamako ya dawo za a san ko da sauran magani. Na tambaya ko mun makara. Ta ce ya ce da mun ƙara jinkiri da maganar ta canza. Ban gane ko wannan na nufin mun tsira ba. Na sa ta sake tambaya, amsar ɗaya ce.

Takardarki ta kwana uku a aljihuna. Na tambayi limamin masallacin da ke bakin asibiti. Ya yi bayani mai tsawo, yana ɗaga wannan hannu yana ɗaga wancan. Na ji kunyar in ce ya maimaita, na yi godiya na taso yadda na je.

Jiya Innarki ta zauna ta sha kunu, ta ce, “Malam, yarinyar nan ba ta rubuto ba?” Na ce ta rubuto. Ta ce in karanta. Na karanta duka, ban tsallake komai ba, don in na tsallake tana ganewa a fuskata. Asiya ta tashi ta fita. Innarki ta juya fuska bango, na ɗauka barci ta yi. Can sai ta yafito ni, ta sa aka kira Asiya, ta ce a rubuta abin da za ta faɗa yadda ta faɗe shi. Ga shi:

“Sadiya, da za su yi mini aiki tsoro ya kama ni. Wata yarinya ta sa mini allura a hannu ta ce in kira sunayen 'ya'yana. Na ce Asiya, ban kai gare ki ba. Ban ji an taɓa ni ba. Da na farka ne na san ciwo, kuma ni ina da bakin da zan ce a ƙaro magani. In barcin da kike faɗi irin wannan ne, na sake ki daga alkawari. Amma ke za ki yi da hannunki, kada ki ba wani. Ki shimfiɗa mata zanena mai ruwan ƙasa. Kuma ki daina cewa allurarki, ni na riƙe miki ita ranar.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni ban da abin ƙarawa. Rilwanu na jira a tasha.

Baffanki,
Ɗanasabe

Gangara, watan Mayu

Baffa da Inna,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da aka yi aiki lafiya. Inna, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa sakamakon ya zo da alheri.

An yi jiya da hantsi. Likita Usmanu ya kawo maganin da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa. Na shimfiɗa zanen a inuwar rumbu inda take son kwanciya. Da ta shinshina shi sai ta taka da kanta ta hau, ta yi ta murza fuska a jiki. Na bar ta ta gama. Na yi bisimilla na yi mata allurar farko, ta barci. Inna, ta kwanta a gefenta, abin da ta daɗe ba ta iya ba, ta miƙe ƙafafu. Sai da na tabbata ta yi nisa na yi ta biyu. Ba ta motsa ba. Na naɗe ta cikin zanen, na haƙa rami a gindin bedi, darbejiyar nan ta bayan ɗaki. Jaye ne ya karɓi fartanyar daga hannuna ya ƙarasa, ban san wa ya gaya masa ba.

Da la'asar sai ga matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ni ban san ko ana karɓar gaisuwar kyanwa ba, su ma da alama ba su sani ba. Na shimfiɗa tabarma. Suka zauna, aka yi maganar ruwan da ya ƙi sauka, aka tambayi jikin Inna, ba wadda ta ambaci Toka. Da za su tashi Tala ta ce, “To, Allah ya ba Husaina haƙuri,” kowa ya ce amin.

Mariyama matar mai gyaran babur ba ta tashi tare da su ba. Ta tsaya tana naɗe tabarmar da ba a sa ta ba. Da gida ya yi shiru ta ce, “Sadiya, gaskiya ne na Husaina an cire, ta farka?” Na ce gaskiya ne. Ta ce, “Shigo ɗaki ki taɓa mini wani abu.” Na ce mata ni likitar dabbobi ce, ko takardar gamawa ban karɓa ba. Ta ce ta sani, in dai taɓa.

Na taɓa, Baffa, ƙullutu ne a ƙirjinta. Ban san ko mene ne ba, na gaya mata ban sani ba. Ta ce shekara guda ke nan, ko mijinta bai sani ba. Da magariba na raka ta muka gaya masa tare.

Na bar wa Tala awaki da makulli. Gobe za mu shigo motar Rilwanu. A gaya wa Yaya Asiya ta ƙara shimfiɗa, mu biyu ne.

Ɗiyarku,
Sadiya